Ba Hatimi Ba Ne

A kasuwar Yelwa, Marka tana jiran gyaran wayarta, idonta na kan wani dattijo. Hannun rigarsa duk alli ne, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. A ranta ta ce wannan malamin lissafi ne, irin wanda yara ke gudun ajinsa.

A talabijin ɗin shagon ana nuna fim mai fassara. Wani jirgi ya koma zamanin da, ya tarar da masani yana jera lambobi a gida-gida. Mai fassara ya ce, "Ga boka yana zana hatimi!" Masu kallo suka fashe da dariya.

"Boka?" in ji dattijon. "Wanga lissafi ne! Kakanninmu sun rubuta littattafai a kai, ku kuna dariya!"

Ya tsuguna ya zana gida tara a ƙasa, ya cika su da lambobi. "Ku tara kowane layi, sha biyar ne!"

Babu wanda ya tara. Sai wata mai kifi ta durƙusa gabansa. "Malam, duba mini, kwale-kwalen ɗana zai dawo?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya shafe lambobin da tafinsa.

"Allah shi kawo shi lafiya, Inna."