Matar da ta Hana Simiyu Na'urar Gudu

Kafin sauran kantunan titin su buɗe, Mama Jelagat ta riga ta iso, kofin shayi a hannu, tsumma a kafaɗa. Sai ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya: ta goge keken motsa jiki, ta jera ƙarafan ɗagawa daga ƙarami zuwa babba, ta ja kowace roba ta ga ko ta soma tsagewa. Haka take yi sama da shekara ashirin a wani kantin kayan motsa jiki a Eldoret ta ƙasar Kenya, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

A garin da zakarun tsere suka cika, ba su ne mutanenta ba. Nata su ne irinmu, masu tumbi da jin kunya, waɗanda likita ya tsorata jiya, yau suka faɗo suna nuna abin da ya fi girma a kantin. Ba ta gardama da kowa. Tambaya kawai take yi: "A ina kuke shanya a gidanku?" In ka yi jim, sai ta ce, "To ba zan ba ka keke ba, wata mai zuwa tawul za a rataya masa." Mai kantin ya sha ƙorafi, har ya lura wanda ta sallama da igiyar tsalle shi ke dawowa da abokai.

Maƙwabtan kantin ba su manta da Simiyu direban tirela ba. Ya shigo yana haki, ya dafa na'urar gudu.

"Mama, wannan nake so. Likitan kamfani ya ce jinina ya hau. In bai sauka ba kafin gwaji na gaba, sai in ajiye makulli. Ga yara huɗu a makaranta."

"Sannu, ɗana. A ina kake kwana?"

"A mota mana. Yau Mombasa, jibi Kampala."

"To ita na'urar a ina za ta kwana? Ko ita ma ta iya tuƙi?"

Dariya ta ƙwace masa, amma idonsa ya kawo ruwa. Ta zaunar da shi, ta yi ta gwada masa takalma har aka dace da wanda bai matse shi ba, ta haɗa masa da robar ja guda.

"Duk inda ka tsaya cin tuwon ugali da gasasshen nama, ka zagaya motarka tukuna, ai doguwa ce. A layin kan iyaka kuma, maimakon barci, ɗaura robar a ƙofa ka yi ta ja. Maganin likita kada ka kuskura ka bari, ni takalmi nake sayarwa."

"Haba Mama, direbobi za su mai da ni abin dariya."

"Su yi mana. Su ke biya maka kuɗin makaranta?"

Sun kuwa yi. A Malaba, can kan iyaka, har suna suka sa masa, wai mai gadin taya. Daga baya biyu daga cikinsu suka shiga sahunsa, suna zagaye suna zagin juna.

Ke ce, Mama Jelagat, mai duba ɗakin mutum da gwiwarsa kafin ki dubi aljihunsa. Ke ce ba ki taɓa sa mai fara koyo ya ji ya makara ba. Ni ma da tabarma ɗaya kika sallame ni, na tafi ina ƙunƙuni, kuma har yau ita nake shimfiɗawa.

Da wa'adin gwajin Simiyu ya cika, sai ga tirela ta tsaya a bakin kantin tana zabga oda. Simiyu ya diro, ya ɗaga makullin sama.

"Mama! Sun bar mini ita!"

"To matsar da ita, ka tare mini ƙofa," in ji ta. Ta juya wai za ta goge keke, alhali fuskarta ta goge.

Mun gode, Mama Jelagat, Allah ya sa ki huta lafiya. Masu tsayawa bayan kanta, ku koyi tambayar mutum yadda yake rayuwa kafin ku miƙa masa kaya. Saboda tambaya ɗaya da ta yi, yaran Simiyu suna aji a yau.