Na-Silin da Reshen da Aka Rufe

Kafin kowa ya iso ofis, shi ya riga ya iso. Yakan ajiye jakar kayan aikinsa a bayan ƙofa, ya zura rigar sanyi ko da gari na tafasa, ya yi sallama a ɗakin na'urori, alhali babu kowa a ciki sai akwatunan ƙarfe masu gurnani ƙasa-ƙasa. Daga nan sai ya tsaya gaban wani babban allo mai ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo reshe ne na kamfaninmu na rarraba magunguna. In kore ne, lafiya lau. In ja ne, akwai matsala. In toka-toka ne, an rufe reshen.

Na-Silin muke ce masa, don rabin rayuwarsa a cikin silin ya yi ta yana jan waya. Wata sabuwar ma'aikaciya ta taɓa watsar da takalmanta da ta ji ana jan ciki a saman kanta, sai ga fuska buɗu-buɗu ta leƙo ta rami tana cewa, "Yi haƙuri ƙanwata, mutum ne." A watan nan da muke ciki Na-Silin yake ajiye aiki. Ya ce gwiwoyinsa sun yi yaji, sun rantse ba su ba tsani.

Kafin zuwansa kowane reshe zaman kansa yake yi. Magani ya lalace a wannan sito, a wancan kuma ana mayar da masu nemansa hannu biyu. Shi ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su da babban ofis. Inda waya za ta kai, ya ja waya. Inda ba za ta kai ba, ya kafa turke, ya hau ya ɗaura eriya, ya sa batir da faifan sola. Yau mai sito na danna kwamfuta a can ƙarshen hanya, mu kuma muna ganin abin da ya rage masa a manhaja nan take.

Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Duk inda ya gama haɗi, sai ya kira mai gadin wurin ya nuna masa akwatin. "Baba, ka ga wannan maɓallin? In an kunna, ina gani daga can. In an kashe, ina gani."

Akwai wani reshe da aka rufe bayan ruwa ya cinye gadar da ke kai wa gare shi. Aka kwashe kaya da ma'aikata, aka kashe na'urori, aka bar tsoho mai gadi shi kaɗai. Wayar hannu ba ta kamawa a wurin. Ɗigon reshen ya zama toka-toka, muka manta da shi.

Wata rana da safe, ina ɗakin na'urori na kai wa Na-Silin saƙo, sai ɗigon nan ya yi kore. Ya mutu. Ya sake yin kore. Ya mutu. Kamar ido yana ƙifta mana. 

"Wa ke can?" na tambaya.

 Manaja ya shigo ya duba, ya ce, "Ai na'ura ce ke shirme, ko ɓera ya samu waya." Mai shara da ke bakin ƙofa ta ce ita dama an gaya mata tun da aka rufe wurin ake jin motsi a ciki, ta tofa addu'a ta ja bokitinta.

Na-Silin ya ce, "Yallaɓai, ɓera ba ya kunna maɓalli. A ba ni mota."

Matarsa ta ba ni labarin cewa ya biya gida ya ɗauki igiya da guduma. Ta ce, "Baban yara, kangon da kowa ya gudu ya bari za ka?" Ya ce, "Ba kowa ba."

Direban da ya kai shi ne ya faɗa mana sauran. Sun zagaya ta tsohuwar hanya, suka ƙarasa da ƙafa. Ciyawa ta rufe tsakar gidan. Kujerar mai gadi na nan a bakin ƙofa, butarsa a gefe, takalmansa a jere, babu shi. Suka yi ta kira, shiru. A ofis kujeru na kife kan tebura, kalanda na nuna watan da aka tashi. Direba ya ce shi nan ya tsaya. Na-Silin ya wuce kai tsaye zuwa ƙaramin ɗakin na'ura, ya kara kunne a ƙofar ƙarfen, sannan ya sa guduma.

Tsohon na kwance a ƙasa, kantar ƙarfe ta danne masa ƙafa. Ya shiga ne duba yoyon rufi, kantar ta rufto, iska ta turo ƙofar ta datse. Leɓɓansa sun tsattsage don ƙishi, ba ya motsi. Suka ɗaga ƙarfen, Na-Silin ya goya shi har mota.

Da ya farfaɗo a asibiti ya ce, "Ɗana, maganarka na tuna. Na yi ta kunnawa ina kashewa har hannuna ya ƙi ɗaguwa, da hantsi ke nan. Daga nan ban san komai ba."

Ni kuwa ina gaban allon har la'asar sakaliya, kuma ɗigon bai daina ƙiftawa ba sai daidai lokacin da direba ya ce sun fasa ƙofar. Na tambayi Na-Silin yadda aka yi haka. Ya ce, "Wataƙila maɓallin ne ya saki." Na ce ya duba? Ya ce ya duba, lafiyarsa ƙalau. Ban sake tambaya ba.

Kai ne, Na-Silin, wanda ya ɗauki ɗigo a allo a matsayin ran mutum. Kai ne ka san masu gadinmu ɗaya-ɗaya lokacin da mu lambar reshe kawai muka sani. Mun gode. Allah Ya hutar da gajiya, Ya ba gwiwoyin nan lafiya, Ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka.

Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan mai sanyi, kun iya na'ura, wataƙila har kun fi shi. Amma in kun gama haɗi, kada ku kama hanya sai kun kira mai gadi. Tsohon nan da kansa ya zo walimar bankwana yana dogara sanda. Aka miƙa masa makirufo don ya yi jawabi. Maimakon haka sai ya kama hannun Na-Silin da hannu biyu, ya ƙi saki har aka tashi.