Baba Gwaji da Kujerar Layin Baya

Kafin ciyaman ya gama karin kumallo a gidansa, Baba Gwaji ya riga ya buɗe zauren majalisar garinmu. Yakan jingine tsohon babur ɗinsa a jikin bishiyar bakin ƙofa, ya zaro damin makullai, ya bi tagogi yana turawa don iska ta shiga. Sai ya shimfiɗa koren ƙyalle a kan dogon teburin kansiloli, ya bi shi da tafin hannu har ya kwanta luf. Ya ajiye wa kowa ruwan sha. Ya kunna fankoki, ban da wadda ke saitin kujerar sakatare, don ita ba ta da aiki sai watsar da takardu. Daga nan ya jera kujerun jama'a layi-layi har bangon baya, ko da ya san ranar ba mai zuwa sai ni. A ƙarshe ya ɗauki makirufo, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Gwaji, gwaji." Nan ya samo sunan, kuma ya bi shi har gida, don jikokinsa ma haka suke kiransa in suna neman tsokana.

Ni ɗan jarida ne, kuma rabon da na samu a wannan sana'a shi ne zaman majalisar ƙaramin garin nan namu da ke gefen birni. Abokan aikina suna can suna bin manyan labarai, ni ina nan ina sauraron gardama kan fitilun titi, da motar shara, da rumfunan da suka cinye hanya, da wanda zai yashe kwata. Duk wanda barci ya ƙaurace wa, ya zo ya zauna kusa da ni, zai samu sauƙi. Amma a wannan zaure ne ake yanke ko ruwa zai shiga ɗakinka ko ba zai shiga ba, kuma mutumin da ya fi kowa yarda da haka shi ne mai jera kujerun. Shekaru talatin da ɗoriya yana wannan aiki, yanzu ya ajiye. Na ce ba zai tafi shiru ba.

A dokar majalisar, in an gama abin da ke kan ajanda, akan ba mutanen gari 'yan mintoci su tashi su faɗi damuwarsu. Da yawa ba su san da haka ba. Waɗanda suka sani kuma, da sun tsaya gaban dogon teburin nan, suka ga manyan riguna da tabarau, sai maganar ta ɓace musu. Na ga mahauci, ƙato, wanda ke kayar da bijimi shi kaɗai, ya riƙe makirufo, ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, har lokacinsa ya ƙare bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Baba Gwaji ya ga irin wannan har ya gaji, sai ya ƙirƙiro tasa dabarar, ba wanda ya sa shi. Duk wanda ya zo bakin ƙofa da kuka, yakan ce masa, "Ranar zama ka zo da wuri, kafin manya." In mutum ya zo, sai ya tsayar da shi gaban makirufo a zauren da ba kowa, shi kuma ya tafi can kujerar ƙarshe ta layin baya ya zauna. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, ƙarar tsohon janaretan ofis ce ta cinye shi. Wannan kunnen yake juyo wa mai magana. Da ka fara gunguni sai ka ji daga baya, "Ban ji ba!" Ka sake, ya sake cewa, "Ban ji ba! Ƙara murya, ba bashi ka zo nema ba." Ba ya gaya wa kowa abin da zai faɗa. Darasinsa ɗaya ne: faɗi layinku, faɗi abin da ya lalace, faɗi abin da kake so, ka zauna. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake juyo da mataccen kunnen. Ya ce, "Ɗan jarida ke nan. In kurma ya ji, mai kunne biyu wace hujja gare shi?"

Matar da ke sharar zauren ta ce wani lokaci takan tsaya da tsintsiya a hannu tana dariya har hawaye. Amma ita ce kuma ta ce mini, fitilar da ke ƙofar makarantar unguwarsu daga wannan gwajin ta fito, haka ma kwantenar sharar bayan kasuwa.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na wata mai ɗinki ne. Mijinta direban bas ne, ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi, kuma likita ya ce sai ana kawo shi asibiti gashin ƙashi kowane mako, in ba haka ba ƙafar ta tafi ke nan. A bakin layinsu akwai babbar kwata, kwalbatin da ke kanta kuma wata tifa ta taka shi ya rufta. Maƙwabta suka gitta katako. Mota ba ta shiga, keken guragu ba ya hawa. Duk ranar asibiti ƙanin mijin ne ke goya shi a baya, ya taka katakon nan a hankali, ita tana biye tana riƙe da ƙafar da ba ta motsi. Da rani ana lallaɓawa. Amma kowa a layin ya san in damina ta sauka, kwatar takan cika ta tafi da katakon. In ba a gyara kwalbatin kafin ruwa ba, mutumin nan zai kwanta a ɗaki har ƙafarsa ta sandare.

Ta zo da wuri kamar yadda aka ce mata. Ta sha "Ban ji ba" har ta ƙoshi. Amma da aka zauna, ciyaman ya ce, "Bismillah, baiwar Allah," sai bakinta ya mutu. Ta buɗe shi, ba abin da ya fito. Ana jira, wani kansila na duba waya, har aka ce na gaba. Ta ja mayafinta ta fita da sauri. Ina kusa da ƙofa, na ga Baba ya bar butar shayin manya a kan tebur ya bi ta har bakin titi.

"'Yata, tsaya."

"Baba, ka bar ni. Na ba da kaina kunya. Ni ɗinki na iya, ban iya surutu ba. Zan sa a rubuta musu kawai."

"A rubuta, ba laifi. Amma zuwa da kai ya fi saƙo. Ke kika ga bayan ƙanin mijinki yana rawa a kan katako, takarda ba ta gani ba. Ranar da kika fara taka keken ɗinki, layin ya tafi daidai?"

Ta share ido ta ce, "Ina fa! Sai da na ɗinke hannun riga da wuya."

"To, yau hannun riga ne da wuya. Wata mai zuwa ki dawo."

Ta dawo. Kafin ranar ma sau da yawa takan biyo in ta taso daga kasuwar yadi, shi kuma ya bar abincin ranarsa ya buɗe mata zauren. A zama na biyu ta tashi, muryarta na rawa amma tana fita. Ta faɗi layinsu, ta faɗi kwalbati, ta faɗi mijinta, ta ce tana so a gyara kafin ruwa, ta zauna. Sai ciyaman ya yi gyaran murya ya ce an miƙa maganar ga kwamitin ayyuka. Na daɗe a zauren nan, na san kwamiti rijiya ce, abu da yawa in ya faɗa sai dai labari. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na karya bakin birona. Ba wai kansilolinmu mugaye ba ne. Kowa da inda nasa ɗakin ke yoyo, kuma layin da ba ka bi ta cikinsa ba ka jin zafinsa.

Baba bai yi fushi ba, bai kuma haƙura ba. Shi ke kai wa kwamitin shayi. Shugaban kwamitin da bakinsa ya gaya mini cewa har ya fara tsoron kofin, don duk ranar da aka ajiye masa shi sai ya ji, "Ranka ya daɗe, ga shayi. Na ga hadari jiya ta gabas." Ba ƙari, ba ragi. Ya ce, "Wallahi mutumin nan ya sa na koma duba sama kamar manomi." Ƙarshe dai ya ɗauki injiniya suka je suka ga katakon da idonsu.

Ranar da za a ƙaɗa ƙuri'a a kan aikin ita ce zaman ƙarshe kafin majalisa ta tafi hutu, kuma in an tafi sai tsakiyar damina. Mai ɗinki na zaune a layin gaba tun da sanyin safiya. Aka ƙirga kansiloli, saura mutum ɗaya adadin ya cika, kuma in bai cika ba doka ta hana a yanke komai. Aka buga wa kansilan unguwar kasuwa waya, ya ce motarsa ta mutu, yana garejin makanike a wancan gefen gari. Ciyaman ya duba agogo ya fara tattara takardunsa. Na dubi matar nan, na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

A iya sanina Baba bai taɓa sa baki a zaman majalisa ba. Ranar ya matso ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini alfarma. Ga shayi nan da zafinsa. Kafin ya huce zan kawo kansilan." Bai jira amsa ba. Muka ji tsohon babur ɗin nan ya yi tari, ya yi tari, ya tashi. Ciyaman ya dubi kofinsa ya yi murmushi ya zauna. Shayin dai ya huce, gaskiya ɗaya ce. Mai shara ta sake ɗora wani ba tare da kowa ya ce mata ba. Ana cikin na biyun sai ga su: kansila, mutum mai jiki, a bayan babur, ya tattare babbar rigarsa a cinya, hannu ɗaya ya dafe hula, ɗayan ya rungume Baba kamar wanda ya ga mutuwa, ga baƙin mai a gefen wandonsa. Ya shigo yana haki yana cewa, "Ku yi ku gama, tsohon nan ya kusa kashe ni." Aka ɗaga hannuwa. Aikin ya wuce. An zuba kankaren kwalbatin ya bushe kafin ruwan farko.

Kai ne, Baba, wanda ka riƙe makirufo fiye da kowa a garin nan, ba ka taɓa faɗin damuwarka a ciki ba. Kai ne ka jera kujeru don mutanen da ba su zo ba, har suka zo. Mai kunne ɗaya da ya koya wa gari magana! Matarka ta ce mini ƙyallen teburin majalisa ya fi rigunanka ganin dutsen guga, kuma 'yarka ma'aikaciyar jinya ta gaji da roƙonka ka je a duba maka kunnen. Yanzu dai ba ka da uzuri.

Ranar sallamarsa, karon farko ba shi ya jera kujerun ba, kuma sai da ya bi ya gyara biyu da suka karkace. Zauren ya cika har bango. Mai ɗinki ta shigo tana tura mijinta a keke, da sanda a kan cinyarsa, don yanzu yana ɗan takawa. Aka nuna musu gaba, ta ce a'a, suka wuce can layin baya. Bayan manya sun yi jawabansu, ciyaman ya miƙa wa Baba makirufo. Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa shi don sabo, ya buɗe baki, sai ga gwanin ya rikice. Ya sunkuyar da kai yana gunguni, wai ya gode, wai a yafe masa, ba mai jin komai sai na kusa.

Daga bayan zauren, direban nan ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya tattaro nauyin harshensa ya ce, "Ban... ji... ba!"

Dariya ta ɓarke, wasunmu kuma muna yi muna share ido. Baba ya ɗago kai. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya yadda ya koya wa mutane.

"Ni daga layin baya nake. Ba abin da ya lalace. Abin da nake so, a ci gaba da jera kujerun nan har bango, ko ba kowa."

Ya ajiye makirufo ya zauna.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, ya sa jikokinka su yi maka abin da ka yi wa 'ya'yan wasu. Ku kuma da ke riƙe da makullan ofisoshi, manya da ƙanana, in wani ya tsaya a ƙofarku bakinsa na rawa, kada ku ce na gaba, ku tsaya har muryarsa ta fito. Mu mutanen gari, zama na gaba yana nan tafe, kuma wadda ta gaji aikin ta yi alkawarin za ta jera kujerun har bango. Kada mu bar ta ta jera wa iska.