Mofiz Bhai, Mai Haɗa Baki da Kunne

Kafin sauran shagunan layin masu kayan lantarki na birnin Barishal su buɗe, Mofiz Bhai, wato Yaya Mofiz, ya riga ya share gaban nasa, ya jona ƙarfen narka dalma, ya karɓo shayinsa mai citta a bakin kwana. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, wayoyi sun sauko daga rufi kamar saiwoyin ceɗiya. Duk wanda ya shigo da fiyanon lantarkin da ya ƙi magana da kwamfuta, ba ya barinsa ya sauke kaya sai ya amsa tambaya guda: "Tsakaninsu wa ke magana, wa ke saurare?" In ka yi shiru, ya kwashe da dariya ya ce, "Zauna. Kai ma kana bukatar gyara."

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don idonsa ya daina ganin ƙananan ƙafafun na'urorin da yake liƙawa. Na zaga garin nan, ban ji ana shirya masa ko taron shan shayi ba. Mu da muke rataya wa kowane baƙo furanni a wuya saboda ya yanke kyalle a bakin gada! Abin ya ƙona min rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ku tambayi Tumpa, ma'aikaciyar jinya a unguwarmu, ta ba ku labarin kakarta. Jobeda Khala, wato Inna Jobeda, ɗiyar matuƙin kwalekwale ce, kuma ita kaɗai ta rage da karin waƙoƙin da mahaifinta ke yi a kan ruwa. Aikin maƙogwaro ya tafi da muryarta, sai raɗa. Waƙoƙin suka koma cikin yatsunta, tana danna su a wani tsohon fiyano. Su ma yatsun sanyin ƙashi ya fara naɗe su, likita ya ce ba za su warware ba. Ɗauka da wayar hannu bai yi ba, domin tana kiɗan a hankali, tana tuntuɓe, ga ruwan sama yana dukan kwanon rufi. Sai Tumpa ta ji cewa in aka haɗa fiyanon da kwamfuta, za ta rubuta kowane dannawa, a gyara kuskure, a ƙara sauri daga baya. Ta sayo wayar haɗin, ta jona. Shiru.

Me ta ji daga bakinmu? Wani ya ce fiyanon ya tsufa, a sayi sabo. Wani ya ce danshin damina ne, a jira rani, kamar yatsun tsohuwa za su jira. Mafi yawa suka ce a bar wa Allah. Wannan kalma mai girma mun mai da ita bargon lalaci, muna lulluɓa da ita duk lokacin da aiki ya ce a tashi.

Mofiz Bhai bai ce a kawo masa kayan ba. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ratsa ruwan da ya cika layin, ya hau benensu yana haki.

"Khala, an ce kin ɗaure wa kwamfuta baki. Haka kike yi wa baƙi?"

Tsohuwar ta yafito jikarta, ta raɗa mata a kunne. Tumpa ta ce, "Wai in gaya maka, in gyaranka ya kai surutunka, ta yafe maka lakar da ka shigo mata da ita."

Ya leƙa bayan fiyanon. Wayar tana da kai biyu, ɗaya an rubuta masa "shiga", ɗaya "fita", haka ma ramukan fiyanon. Tumpa ta sa shiga a shiga, fita a fita.

"Ai daidai na yi, Bhai. Kowa da ɗan'uwansa."

"Ba a asibiti kike ba, 'yar nan. Yanzu da kakarki ta yi magana, me kika miƙa mata, bakinki?"

"Kunnena."

"To! Fitar fiyano baki ne, shigar waya kunne ne. Kin haɗa baki da baki, kunne da kunne, kina jiran hira. Ba ni zan taɓa ba. Sauya da hannunki, don gobe ba na nan."

Ta sauya. Khala ta danna, wata 'yar fitila a jikin wayar ta ƙifta. Amma fuskar kwamfutar ba ta motsa ba, sai fuskar tsohuwar ta faɗi, ta fara janye hannunta cikin mayafi.

"A'a, Khala, kar ki ɓoye min dukiya. Wannan manhajar surukar zamani ce, ba ta gaida wanda ya shigo bayanta. A rufe ta, a kunna fiyano tukuna, sannan a sake buɗe ta."

Aka yi haka. Khala ta danna, ɗigo ya fito a fuskar kwamfutar. Ta ƙara, wani ya biyo. Ta yi waƙar farko har ƙarshe, da rarrafe, da tuntuɓe. Mofiz Bhai ya nuna wa Tumpa yadda ake ɗauke dannawar da ta kauce, sannan ya ce, "Khala, buga min tebur yadda babanki ke buga ruwa da filafili." Tana bugawa yana ƙara sauri, har kiɗan ya hau kan bugunta ya zauna. Tumpa ta ce min kakarta ta rufe ido, kafaɗunta suna tafiya gaba da baya kamar mai tuƙi. Da ya ƙare ta raɗa wani abu.

"Me ta ce?" in ji Mofiz Bhai.

"Wai ka yi shiru, saura da yawa."

Ba ita kaɗai ba ce. Masu waƙar coci a bakin kogi za su gaya muku wanda ya zo musu ana gobe biki. Malamar makarantar makafi za ta gaya muku wanda ya ɗaure zare a kan waya guda, don ɗalibanta su gane baki daga kunne da taɓawa.

Mofiz Bhai, kai ne ba ka taɓa cewa "ba zai yiwu ba" kafin ka leƙa baya. Kai ne mai gyaran da ke koya wa mutum yadda zai daina bukatarsa. Surutunka ya fi na tashar jirgin ruwa, amma ban san wanda ya fi ka saurare ba. Mun gode. Allah ya sanyaya maka idanun da ka ƙarar a kanmu.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, mu da muke cika zaure kowa da abin magana a hannu, muna mamakin yadda ba a jin komai: ku je layin nan kafin wata ya ƙare, ku zauna a bencinsa, ku koyi aikin. Wani ya karɓi ƙarfen dalmar nan tun yana da zafi.

Yatsun Jobeda Khala sun rufe a sanyin da ya wuce, ko kofin shayi sai an riƙe mata. Amma waƙoƙin sun riga sun haye. Ranar Juma'a 'yan matan makarantar unguwarmu suka zo suka rera mata su a kan karin da kwamfutar ta adana. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yafito Tumpa. Wai baiti na biyu sun yi gaggawa, su sake.