Baƙin Kaset na Doguwa

A gidanmu kowa masunci ne, ni kaɗai na fita daban. Tun da ruwan Tiga ya cinye garin kakanninmu aka dawo da mu kusa da Bebeji, Babanmu da yayana suka rungumi kwale-kwale da koma. Ni kuwa ko ƙarnin kifi ba na so. Da na gama sakandare, a farkon shekarun casa'in, sai na kafa rumfa a bakin tashar Bebeji, na ajiye tsohuwar talabijin da ɗan janareto da na'urar gem da na sayo a Kano. Samari su zo su biya su buga, ni kuma ina gefe ina canja musu kaset.

A nan ciwon tara kaset ya kama ni. Wanda bai sani ba zai ce duk ɗaya ne, amma ba haka ba ne. Akwai rawaya, su ne suka cika kasuwa, ba su da nauyi, a jikinsu an rubuta wai wasanni ɗaruruwa ne a ciki, in ka kunna sai ka ga 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sauya launi. Akwai masu ruwan toka da ke zuwa cikin kayan gwanjo, wasa ɗaya tak, amma in ka ɗauka za ka ji nauyinsu a tafin hannu, kuma ba sa daskarewa ana tsakiyar bugu. Wani lokaci hoton da aka manna a jiki na jirgin yaƙi ne, ka kunna ka tarar da ƙwallo. Irin waɗannan masu kuskuren hoto ma muna nemansu, don ba kowa ke da su ba. Ina jera nawa a cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe ta mahaifiyata, ina goge bakinsu da auduga kamar mai jinyar ido.

A duk yankinmu mutum ɗaya ne ke gogayya da ni a wannan harka, wani mahauci a Kafin Maiyaƙi. Ya girme ni, ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Da safe yana fawa, da yamma yana buɗe tasa rumfar gem ɗin. Da farko mu abokai ne. Ranar kasuwa sai in hau babur in je wurinsa mu baje kaset a kan benci, mu yi musaya, ya yanko mini tsire. Sai dai mutum ne da ba ya son a fi shi. Na taɓa ganin ya buga kan wani saurayi da ginshiƙin rumfa don kawai ya cinye shi a wasan dambe na gem ya yi masa dariya.

Wata rana wani direban motar Doguwa ya ce mini ya ga wani baƙin kaset a hannun wani makiyayi a can. Ban taɓa ganin baƙi ba. Washegari na rufe rumfa na bi shi, muka wuce Tudun Wada, ya sauke ni a gefen hanya, na taka zuwa rugar makiyayin. Makiyayin saurayi ne kamar ni. Ya ce baffansa ne ya kawo masa tsaraba daga aikin Hajji, a zatonsa kaset ɗin rediyo ne. Ya ciro shi daga cikin tsumma. Baƙi ƙirin, ya fi masu ruwan toka nauyi, bakinsa na ƙyalli kamar zinariya, ga wani rubutu a jiki da ba boko ba, ba ajami ba.

“Wani ma ya zo daga Kafin Maiyaƙi ya gani,” in ji shi. “Ya ce tarkace ne, ya taya shi kuɗin goro. Na ce ya tafi. Ni rediyo nake so.”

Na san ko wane ne. Na kuma san dabararsa ce ya kushe abu don ya saya da araha. Na cire rediyona mai cin kaset da na rataya a kafaɗa na miƙa masa, ya miƙo mini baƙin.

Da na kunna shi a rumfa sai na gane abin da ya sa ya yi nauyi. Akwai batir a cikinsa, yana riƙe inda ka tsaya. Ka kashe janareto, ka je ka kwana, ka dawo ka ci gaba daga nan. Ba mu taɓa ganin haka ba. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai Kiru da Ɗansoshiya, samari na haɗa kuɗin acaba su zo kallo.

Mahaucin ya aiko mini saƙo cewa kaset ɗin nasa ne, shi ya fara tayawa. Na ce a gaya masa wanda ya taya bai saya ba, amma in yana so ya zo ya buga kyauta.

Ya zo ɗin, wata ranar Laraba bayan la'asar, a kan babura, shi da 'yan fawarsa. Bai yi sallama ba. Samarin da ke zaune a benci suka dare.

“Ina kayana?”

“Maigida, zauna mana mu yi magana,” na ce.

Maganar ke nan. Ya ɗauki bencin ya maka wa talabijin, gilashin ya fashe da ƙara kamar bindiga, hayaƙi ya tashi. Na yi saurin fizge baƙin kaset daga na'urar na cusa a cikin wandona. Ya gani. Ya shaƙe ni da hannu ɗaya ya ɗaga ni har ƙafafuna suka bar ƙasa, ya buga ni da janareto. Zafin bututun hayaƙin ya ƙone mini baya, na ji ƙaurin rigata. Ɗaya daga cikin yaransa ya kifar da akwatin ƙarfen, suka bi kaset ɗina suna tattakawa, ina jin ƙarar fashewarsu ɗaya bayan ɗaya. Na dunƙule a ƙasa na rufe cikina. Ya taka hannuna na hagu da diddige, ya murza. Na ji ƙashin ya ce ƙas, na yi ihun da ban san ina da shi ba.

Mutanen tasha sun taru, amma ganin wuƙaƙen fawa a ƙugunsu ba wanda ya matso. Ana ta “ku bari, ku ji tsoron Allah” daga nesa.

A daidai lokacin yayana ya iso tasha da kwandon kifi a bayan keke, filafilin kwale-kwalensa da ya kawo gyara na ɗaure a jiki. Shi mutum ne mai sanyi, ko tsawa ban taɓa jin ya yi ba. Kuma bai taɓa son sana'ata ba, kullum cewa yake wasan yara na mayar abinci. Amma da ya hango ni a ƙasa jini na fita ta hancina, sai ya saki keken, kifi ya watse, ya zare filafilin. Ya sauke shi a gefen fuskar mahaucin da duk ƙarfin da yake tuƙa jirgi. Haƙora suka zubo a ƙasa tare da jini. Ƙaton ya durƙusa. Yayana ya juya ya rafka wa na biyu a gwiwa, ya faɗi yana birgima.

Na ukun ne ya zaro wuƙa. Na ƙwala kira, “Yaya, bayanka!” Ya juyo ya tare da hannun dama. Wuƙar ta shiga tsakanin babban yatsa da manuni ta tsarge har wuyan hannu. Jini ya yi tsartuwa ya fesa a jikin buhun da na yi wa rumfa bango. Ganin jinin ne ya farkar da 'yan tasha. Direbobi da 'yan kamasho suka yi kansu da gorori da ƙarafan taya, suka yi wa mai wuƙar dukan da sai da wani dattijo mai sayar da goro ya kwanta a kansa kafin a bar shi da rai.

Mota ɗaya ta kwashe mu duka zuwa asibiti, mu da waɗanda suka zo dukanmu. Ina kwance, ƙafata na taɓa ƙafar mahaucin, yana nishi, bakinsa a karkace, yawu da jini na zuba a kan rigarsa. Yayana ya naɗe hannunsa da rawanin wani, rawanin ya jiƙe sharkaf, yana ta salati a hankali.

An ɗinke hannun, amma jijiyoyin sun yanke. Yatsunsa uku suka lanƙwashe ba su ƙara miƙewa ba. Ni aka yi mini ɗori. Mahaucin ya daɗe ba ya cin komai sai kunu ta bututu, har yau in yana magana sai ka matsa kusa.

Da muka ɗan warware aka zauna a gaban mai gari, da dattawan Kafin Maiyaƙi da namu. Aka ɗora wa mahaucin gyaran rumfa da jinyar yayana, mai wuƙar kuma hukuma ta tafi da shi. Mai gari ya ce a kawo abin da aka yi faɗan a kansa. Na miƙa. Ya jujjuya shi, ya kai kunne ya girgiza.

“A kan wannan ne ’ya’yan Musulmi suka nemi kashe juna?”

“Ranka ya daɗe, shi ne,” in ji Babanmu, kansa a sunkuye.

Mai gari ya mayar mini da shi ya ce nawa ne, tunda da kayana na saya.

Yayana bai ƙara jan koma ba, hannun ba ya riƙo. Ya koma noman rani a bakin ruwa, albasa da tumatir, yana kama fartanya da hagu. Ni ma ban sake buɗe rumfar ba, na koma taya shi ban ruwa. Kaset ɗin da suka tsira daga tattakawa na tsince su na mayar cikin akwatin, har waɗanda suka tsage na ɗaure da zare.

Bayan an cire albasar farko, wata rana muna zaune a gindin mangwaro sai ya ce, “Ƙanena, wai ni ban taɓa ganin abin nan ba. Ka nuna mini.”

Na aro talabijin da janareto a wurin wani mai shago, na haɗa a zauren gidanmu. Wani ɗan mutum ya bayyana da takobi a hannu, yana tafiya a cikin daji. Ya tsaya gaban wani tsoho, rubutun nan da ba mai iya karantawa ya cika fuskar talabijin. Na miƙa wa yayana abin dannawa. Ya ɗora shi a cinya, ya gwada da lanƙwasassun yatsunsa, suka zame. Ya koma dannawa da gefen hannu. Ɗan mutumin ya yi gaba kaɗan, ya faɗa rami.

“Ya mutu ke nan?”

“Ya mutu, Yaya. Amma zai tashi, sai ka sake.”

Ya sake, ya kuma faɗawa ramin. Ya kalli hoton, sannan ya ajiye abin a kan tabarma.

“To, na gani,” ya ce. “Kashe, kada mu ƙone wa mutum mai. Gobe da sassafe za mu shiga tumatir.”