Gwaggwaron Azeezat

A zaune Fausat take taje kanta, gwiwar hannu a bakin taga, ta ja sau uku ta huta. Haka take yi kowace safiya tun bara.

A Fagge aka haife ta, iyayenta 'yan Ogbomosho ne. Shekara talatin tana ɗaura wa mata gwaggwaro. Yadin ashoke komai taurinsa, in ya shiga hannunta sai ya yi ladabi, ya buɗe a kan mace kamar fure. Sana'a ce ta tsayuwa, hannuwa a sama.

Ciwon bai zo da zafi ba, shi ya sa aka raina shi. Da farko, da safe garau take. Rana na karkatawa sai fatar idonta ta sauko, kafaɗu su mutu. Maƙwabta suka ce gajiya ce, a gasa ta da ruwan zafi kamar mai jego. Wata biyu ana gashi, tana ƙara narkewa. Likita ne ya tsayar da su. Ya ce saƙon jijiya ne ba ya isa ga tsoka sosai, zafin gashin kuma ƙara ciwon yake yi. Ya ba ta magani, ya ce ta tausaya wa hannuwanta.

Sai ga bikin autarta Azeezat, an sa shi bayan la'asar. Kwana uku ba ta ɗaga ko kofi ba, tana tarin ƙarfi kamar mai tara ruwa a randa.

Maman Chibuike, tsohuwar abokiyar sana'arta daga Sabon Gari, ta ce, "Iya, bari in kama miki."

"Ke? Ɗaurinki da ko atishawa aka yi sai ya warware?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Fausat ta tsaya bayan amarya, ta ja bismillah. Ninki na farko ya zauna, na biyar ma. A na takwas yatsunta suka saki, hannuwan suka zame a hankali har suka sauka a kafaɗun 'yarta. Ta yunƙura, suka ƙi tashi.

Azeezat ta ce, "Mama, ki bar shi haka. A haka zan fita."

"'Yata ba ta fita da rabin ɗauri." Ta daɗe tana kallon ninkin nan bakwai. "Maman Chibuike, zo. Kada ki taɓa nawa, ɗora a kai. Ki ja da kyau."

Ba ta tsaya ta gani ba. Ta ture labule da kafaɗa, ta fita.