Singeru Ya Tafi Kallon Ƙwallo a Taipei

A ƙauyenmu na Ngaraard, in ka ce Singeru babu mai tambayarka wanne. Shi ne gajeren tsohon nan mai karkatattun yatsu, wanda ko an ba shi kujera sai ya sauka ya tsuguna. Tsugunon a filin yakyu ya samo shi, ƙwallon nan da ake jefawa a doka da kulki, wadda Amurkawa ke ce wa besbol. Tun muna samari ni ne mai jifa a ƙungiyar ƙauye, shi ne mai cafewa, yana tsugune bayan mai duka yana nuna mini da yatsu irin jifan da zan yi. Da safe masunci ne kamar kowa, da yamma kuwa sarki ne da ba a yi wa musu. In na ƙi bin yatsunsa aka doke ƙwallon ta faɗa gonar gwaza, sai ya taso har inda nake ya ce, "Kodep, wannan hannu ne ko dafaffen rogo?" Har muka tsufa bai daina faɗa mini haka ba, ni ma ban daina jin haushi ba.

Ƙwallo ta fasa masa hanci, ta karya masa yatsu, bai taɓa kau da kai ba. Yakan fita teku shi kaɗai hadari na haɗowa. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, jirgin sama, kuma ba faɗowar jirgin yake tsoro ba.

A wurinmu tsoho ba ya hawa jirgi don yawo. In ciwo ya fi ƙarfin asibitinmu sai a tura mutum Manila ko Taipei, kuma dukkanmu mun sha zuwa filin jirgi tarbar waɗanda suka tafi a kujera suka dawo a akwati. Sau da yawa ba a gaya wa mai ciwon. Manyan matan dangi ne ke jin maganar likita, su shirya komai a tsakaninsu, a ce wa tsoho za a je ziyara. Singeru ya san wannan sarai, domin da bakinsa ya ce wa matarsa za su je Manila ta zaɓi keken ɗinki. Sau ɗayan da ya hau jirgi ke nan. Ya tafi tana gefensa, ya dawo tana ƙasa wurin kaya.

'Ya ɗaya suka haifa, Dilmei, malamar firamare a birnin Koror. Wata Asabar muna tsugune a rumfarsa muna tauna goronmu da ganye da farar ƙasa, sai ga ta da waya a hannu, tana murmushi tun daga nesa.

"Baba, ba kai ne kullum kake cewa kana son ganin filin da ruwan sama ba ya tashin wasa ba? To na samo maka. A Taipei yake, rufaffe ne ruf, ko da bakin ƙwarya ake ruwa sai an gama wasa."

Singeru ya tofar da jan yawu gefe. "A talabijin na ce."

"Ka daina ja mini rai. Jirgi ɗaya ne, ba sauka ba canji. Na kama mana masauki, ɗakinku daban nawa daban. Wasa uku za ku kalla. Akwai wani gida da suka tara tsoffin safunan hannu da kulake, za ka ga irin naka na da a cikin gilashi kamar kayan sarauta. Akwai kasuwar abinci da ba ta da ƙarshe. Baffa Kodep ma da shi za a je."

Ni dai har na fara washe baki. Na ce, "Yarinya, Allah ya yi miki albarka. Wannan tsohon ko jefa shi za ki yi cikin jirgin, ni zan kama miki ƙafafu."

Singeru bai yi dariya ba. Ya ce, "A wace unguwa masaukin yake?"

Ta faɗi sunan titin.

"Wasan da yamma ake yi. Da safe me za mu riƙa yi?"

"Hutawa mana, Baba. Kai da gwiwa ke damu."

Ya jira har ta shiga gida. Can ya matso kusa da ni.

"Ka ji titin da ta faɗa? Nan ake sauke waɗanda aka tura asibiti. Kowa a ƙauyen nan ya san sunansa."

"To ai shi ya sa ta san shi. Wane titi kuma muka sani a Taipei?"

"Kwanan baya da tarin nan ya dame ni, ita ta kai ni aka ɗebi jinina. Har yau ba wanda ya ce mini ga abin da aka gani. Shekaranjiya Yaya Ebil ta kawo mini miyar ganyen gwaza da ƙaguwa, da hannunta. Ebil fa. Tun da uwarmu ta rasu, matar nan ba ta taɓa kawo mini ko ruwa ba sai faɗa."

"Ƙila tsufa ya sa ta yi laushi."

"Kai kuma me ya sa za a tafi da kai? Don kyanka?" Ya dube ni ido cikin ido. "Ana bukatar namijin da zai rako akwati, Kodep. Ni na san yadda ake yi."

Na ce masa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, na ce masa ya tsufa ya zama matsoraci, na zage shi iya iyawata don ya rama. Bai rama ba, kuma rashin ramawar ne ya sa na fara zargin gaskiya yake faɗa.

Washegari bayan an tashi daga coci na bi Ebil, yayarsa, wadda ita ce babbar macen gidansu, ba a aure ba a biso sai da bakinta. Na same ta a gonar gwazarta, ƙafafunta cikin taɓo.

Na ce, "Yaya, don Allah tafiyar nan ta ƙwallo ce?"

Ba ta ɗago ba. "An ce maka ta mene ce?"

"Ta ƙwallo."

"To ka je ka haɗa kayanka. Maganar mata ba taka ba ce." Har na juya sai ta ce, "Kodep. Ka riƙe mini shi da kyau a can. Kada ka matsa daga kusa da shi."

Da na waiwaya na ga idanunta sun yi ja. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na koma gida, ban kuma gaya wa Singeru na je ba. Ban ma bukaci gaya masa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta fuskata daga bayan mai duka, kallo ɗaya ya yi mini ya gyaɗa kai.

Daga nan ya shiga shiri irin nasa, Dilmei na nata. Ita tana kiran waya tana ce masa ta samo kujeru daidai bayan mai cafewa, ta sayo masa rigar sanyi saboda iskar cikin filin, ta ce kada ya ɓoye goro a jaka don za a ƙwace a filin jirgi. Shi kuwa ya ba ɗan Ebil kwalekwalensa, wai aro. Ya je wurin fada, limamin cocinmu, ya daɗe. Ya kai ni makabartar dangin uwarsa ya nuna mini wuri da ƙafa. Ya rame, ya daina cin kirki, tarin ma da ya tafi ya dawo.

Na ce, "To ka ce ba za ka ba mana. Wa zai ɗaure ka?"

"In na ƙi, ita za a zaga. A ce tana da aiki ta bar ubanta ya mutu ba magani." Ya yi ɗan murmushi. "Kuma ka ga yadda ta ƙawata ƙaryar? Wasa uku, da gidan safuna, da kujera bayan mai cafewa. Ni keken ɗinki kawai na iya. Yarinyar da ta yi wannan wahala, ai sai a bar ta ta ga kamar an yarda."

Sai kuma murmushin ya tafi. Ya ce, "Ba mutuwar ba ce, mutumina. Kowa zai mutu. In mutu a inda ba wanda ya iya faɗin sunana, ba ƙarar teku, a tura ni cikin sanyi da akwatunan mutane, shi ne ba na so. Tsoro nake ji, Kodep. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba."

Ni ma tsoron nake ji. Ban san yadda ake zama a ƙauyen nan babu mai zagin hannuna ba.

Ranar tafiya rabin ƙauye suka rako mu filin jirgi, abin da ya ƙara ɓata lamarin. Mata suka rungume Dilmei ɗaya bayan ɗaya, Singeru ya raɗa mini, "Ka gani? Suna ba ta haƙuri tun yanzu." A cikin jirgi ya riƙe hannun kujera tun daga tashi har sauka, ƙafafunsa a ɗage kaɗan, ba ya son su taɓa ƙasa, don a ƙarƙashin nan wurin kaya yake.

Filin kuwa, gani ya kori ji. Rufi a sama kamar an kifa ƙwarya, fitilu, ganguna, 'yan mata suna rawa, dubban mutane suna waƙa baki ɗaya. Da muka shigo ana ruwa a waje, ciki ko ɗigo. Singeru ya tsaya a bakin matakala baki buɗe har sai da na ja shi. Kujerunmu na bayan mai cafewa kamar yadda ta yi alkawari, kusa har muna jin ƙarar ƙwallo a cikin safar hannunsa.

Da farko zaune kawai yake kamar baƙo a gidan makoki. Amma da wasa ya yi zafi sai tsohon hali ya motsa. Ya sauka daga kujera ya tsuguna a gabanta.

"Dubi yaron nan don Allah. Wa ya koya masa tsuguno? In ƙwallo ta bugi ƙasa ta ina zai tare?" Ya zungure ni. "Mai jifansu kuwa ya fi ka, ko da hannun hagu ya yi."

Na ce, "Da irin yaron nan ne yake cafe mini maimakon kai, da yanzu ni ake kallo a nan."

Ya yi dariya har da hawaye, dariyar ta koma tari, tarin ya tuna masa. Ya koma kujera a hankali. Na lura Dilmei ba ta kalli wasan ba ko kaɗan, ubanta take kallo, abincin da ta saya yana kan cinyarta ba ta taɓa ba. Da ta riƙo hannunsa sai ya bar mata. Muna fita ya ce mini a kunne, "Filin ya yi kyau. Na gani, na gode mata. Gobe da safe ne."

Haka kuwa aka yi. Da safe ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da 'yar jaka a kafaɗa ta ce, "Baba, Baffa, ku zo mu je nan kusa." Singeru ya riga ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya taje kai. Bai tambaye ta ina ba. Muka taka a ƙasa, ita a gaba, shi a tsakiya, ni a baya. Da muka sha kwana asibitin ya bayyana, sai ya ɗan tsaya, ya gyara wuyan rigarsa, ya ci gaba.

A ciki Dilmei ta je ta yi magana da masu karɓar mutane ta dawo ta zauna kusa da shi. Ba a jima ba wata nas ta fito da farin abin hannun nan na roba da ake ɗaura wa wanda za a kwantar. Singeru ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa mata hannu. Bai kau da kai ba, na yi masa wannan shaida.

Nas ɗin ta yi masa murmushi, ta wuce shi, ta ɗaura wa Dilmei.

Ya dubi abin, ya dubi 'yarsa. Ya ce, "Ta yi kuskure. Gaya mata ta yi kuskure."

"Ba ta yi kuskure ba, Baba. Jininka lafiya lau, tari ne kawai. Ni ce. Ƙari aka gani a ƙirjina, yau za su kwantar da ni, gobe su yi aiki." Ta ɗago ta dube shi. "Da na ce maka asibiti, da ka tuna da Inna ka kasa hawa jirgin. Ni kuma ba zan iya shiga ɗakin nan kana can bayan teku ba. Tsoro nake ji, Baba."

Sai a lokacin na gane abin da Ebil ta aiko ni yi. Na matsa na riƙe shi ta baya, kada ya faɗi. Bai ko san na taɓa shi ba. Hannunsa na nan a miƙe, yana bin nas ɗin da shi, yana yi mata magana da harshenmu da ba ta ji ko kalma ɗaya.

"Ni ne, 'yata. Ni na shirya. Cire mata ki ɗaura mini."